Yadda Gwani Ke Ɗaura wa Shagon Tela Wutar Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, telolin da ke ɗinki a zaure ko a shagon ƙofar gida suka ga janareto na neman cinye musu riba. Da yawa sun koma sola. Sai dai ba duk wanda ya riƙe filaya ne ya iya haɗa ta ba.

Gwanin aikin da biro da takarda yake farawa. Zai durƙusa ƙarƙashin kowane keke ya karanta ɗan ƙarfen da ke manne jikin injin, inda aka rubuta wat, wato yawan wutar da yake ja. Ya ƙirga fanka da ƙwayayen fitila, sannan ya juyo: "Maigida, awa nawa ake taka wannan keken a rana? In ɗinkin Sallah ya taso fa, har ƙarfe nawa kuke kaiwa?" Ya ninka wat da awa, ya ƙara wani abu saboda asarar hanya. Wannan lissafi ne ke faɗa masa yawan farantan sola da girman batir. Malalaci kuwa tambayarsa ɗaya ce: nawa ne a hannunka?

A nan ne ilimin gwani ke fitowa. Ya san tsohon injin keke mai kuloci yana ta juyawa yana shan wuta ko ba a ɗinki, sabon samfuri kuma sai an taka yake sha. Sauya injin ya fi ƙara batir araha. Ya san dutsen guga ɗaya na jan wat 1,000 ko fiye, don haka zai ce a riƙa guga da tsakar rana, ko a bar wa na gawayi aikinsa.

A kan rufi, kudu yake fuskantar da farantan. A Kano yakan kishingiɗa su kamar digiri 12, daidai da matsayin garin a taswira, ruwan sama ma ya samu gangara ya wanke su. Yana barin sarari tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, saboda zafi na rage musu ƙarfi. Yakan tsaya ya dubi darbejiyar maƙwabta da tankin ruwa: inuwa a kan faranti ɗaya na iya janyo duk jerin ƙasa.

Wutar da faranti ke bayarwa irin ta batir ce, mai tafiya hanya ɗaya. Takan bi ta kwantirola, na'urar da ke hana batir cika ya wuce kima, sannan inbata ta juya ta zuwa irin wadda muke kira ta Nepa, mai bolt 230. Inbatar yakan zaɓe ta da rara, domin inji a lokacin tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Wayar batir gajera ce, kaurinta kamar ɗan yatsa. Zai fere bakinta, ya zura a kan tagulla, ya matse da abin matsewa, ya ja da ƙarfi ya ji ko za ta zame. Babu murɗe waya a naɗe da salatif, abin da ke jawo gobara a shagon da ke cike da yadi. Batir yake fara haɗawa da kwantirola kafin faranti, ya sa fiyus, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle, ya ɗaura makunnin sauya layi don wutar gari da ta inbata kada su haɗu.

Kafin ya tattara kayansa sai ya kira yaron shago ya nuna masa: da hunturu a goge ƙurar faranti da sassafe kafin su yi zafi, batir mai ruwa kada a bari ya sauka ƙasa da rabi, in ruwansa ya ja baya kuma a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya.