Wurno, Basasar Kano da Alƙaluman Baƙi: Sharhi a kan Littattafan Monteil da Robinson

Littattafai biyu muke nufin aunawa cikin wannan takarda, na Turawa biyu waɗanda suka ratsa ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Atiku, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Na fari na wani hafsan sojan Faransa ne, Monteil, an buga shi a Faris cikin 1895, yana ba da labarin tafiyarsa daga Sanigal har Tarabulus ta kan Tafkin Cadi. Na biyu kuwa, mai suna Hausaland, na wani limamin Kirista ne mutumin Ingila, C. H. Robinson, ya fito a Landan cikin 1896. Masu rubuta tarihin Yaƙin Basasar Kano sun daɗe suna ɗiba daga cikinsu, don masu su sun ga zamanin da idonsu. Amma ko a gaban alƙali, ba a karɓar shaida sai an san wanda ya kawo shi, da abin da zai samu in shari'a ta ba shi gaskiya.

Labarin yaƙin kansa sananne ne, a taƙaice za mu ambace shi. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a sa'an nan. Sarkin Musulmi ya umurce shi ya naɗa Galadima Tukur ɗan Bello, wanda ya nuna jaruntaka a yaƙin Argungu. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi suka ƙi yin mubaya'a, suka bi Yusufu suka fita zuwa Takai. Da Yusufu ya rasu a Garko sai ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya ci birni cikin 1894. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka kayar da shi a Tafashiya cikin watan Maris 1895, ya rasu ke nan.

To, mene ne ruwan Faris da Landan da wannan? Ruwansu na cikin wata takarda da suka sa wa hannu ran 5 ga Agusta 1890. Sun ja layi a kan taswira daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Cadi, arewa na Faransa, kudu na Kamfanin Neja, bisa sharaɗin za a lanƙwasa layin ya shigo da dukan abin da ke mallakar Sakkwato a ɓangaren Kamfani. Daga ran nan faɗin ikon Sarkin Musulmi ya zama dukiya wadda gwamnatoci biyu ke jayayya a kai, shi kuwa mai ikon ba a ko shawarce shi ba. In daularsa mai faɗi ce, kuma a haɗe take, Ingila ta ci riba, gama hujjarta duka takardun alkawari ne da wakilan Kamfani suka ce sun karɓo a Wurno, na Joseph Thomson cikin 1885 da wani kuma cikin 1890. In kuwa daular ƙarama ce, a tsattsage, rarar ta Faransa ce. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, lalle zai karanta littattafan nan biyu a baibai.

Monteil aiko shi aka yi ya duba wannan layi. Ya biyo ta Sayi da Argungu, ya iso ƙasar Sakkwato cikin Oktoba 1891, ya fita da takarda wadda ya ce alkawari ne tsakanin Sarkin Musulmi da Faransa, ya zarce Kano ya yi wajen wata uku, sa'an nan ya nufi Kukawa. Abubuwa biyu ya kai wa iyayen gidansa waɗanda suka fi so su ji: cewa Kabawa ba su bin Sakkwato, yaƙi ma suke yi da ita, da kuma cewa Kamfanin Neja ba shi da wani iko a Sakkwato ko Kano. Duka biyun gaskiya ne, ba mu musa masa ba. Mutum ne mai ido, rubutunsa kuma da rai, labarin kasuwar Kano da ya bayar ya fi na yawancin 'yan'uwansa. Aibinsa shi ne kowace ɓaraka ya gani sai ya auna ta da ma'aunin rabon ƙasa. Tawayen Kabi tsoho ne, ya girmi Abdurrahman da shekaru masu yawa, daula kuwa ta zauna da shi ba ta faɗi ba.

Abin mamaki ma, cikin littafin nasa akwai abin da ke rushe masa gini. Shi da kansa ya faɗi cewa ya sayar da hajarsa a fadar Sarkin Musulmi, aka ba shi takardu ya je Kano a biya shi. Ƙasar da za a rubuta takarda a wannan gari a je a karɓi wuri da ita a wancan, tafiyar kwana da kwanaki, ba za a kira ta rusasshiya ba. Monteil ya ba da labarin wannan ciniki kamar wahala ce ta matafiyi, bai tsaya ya ga abin da yake nunawa ba, ko kuwa ya gani bai so ya faɗa ba.

Amsar Kamfani ita ce aiko William Wallace, wanda ya iso Wurno cikin Yuni 1894 don ya sabunta takarda, ya kuma shafe sawun Monteil. Mai karatu ya lura da watan. A sa'an nan Yusufawa na riƙe da garuruwan kudu maso gabashin Kano, umurnin Sarkin Musulmi na zuwa wajen sarakuna su taimaki Tukur, yawancinsu suna jan ƙafa. Da Kamfani na son sa hannu cikin yaƙin, babu lokacin da ya fi wannan. Bai sa ba. Ba kirki ya hana shi ba, gama shekara uku bayan haka ya kai wa Bida da Ilori igwa. Abin da ya hana shi, ban da nisa da ƙarancin soja, shi ne bukatarsa ga Sarkin Musulmi mai cikakken iko, ko da a takarda ne. Wanda ke son ya ga yadda sa hannun baƙi na sosai yake a wannan zamani, sai ya dubi Binuwai, inda Mizon, wani hafsan Faransa, ya ba Sarkin Muri Muhammadu Nya taimakon bindigogi aka ci Kona a ƙarshen 1892. Irin wannan bai auku a Kano ba. (Su takardun Wurno kuwa, Adeleye ya nuna cikin littafinsa na 1971 yadda yake da wuya a ce wani Sarkin Musulmi ya yarda da abin da ke cikin Turancinsu.)

Robinson dabam ne, kuma mu masu nazarin Hausa muna da nauyinsa a kanmu. Ƙungiyar da ta aiko shi an kafa ta ne don tunawa da wansa wanda ya rasu a Lakwaja cikin 1891. Shi ya wallafa ƙamus, ya tattara waƙoƙin ajami, ya koyar da Hausa a Kambirij. Ya shiga Kano a ƙarshen Disamba 1894, Alu bisa gado, Tukur bai riga ya mutu ba, ya bar ta cikin Maris 1895. Watau ya zauna a tsakiyar ƙurar yaƙin, yana kuma jin harshen mutanen. Duk da haka mai neman sanin dalilin Basasa ba zai ƙoshi a littafinsa ba. Ƙorar da Sarki Bello ya yi wa 'ya'yan Abdullahi daga sarautu, da rabuwar kan manyan bayin sarki, da matsayin Waziri Buhari wanda aka sa ya zartar da abin da bai so ba, waɗannan su ne cikin maganar, Robinson kuwa ta gefensu ya bi. Abin da ya cika masa ido kamammu ne da ake shigowa da su birni.

Ba mu ce ya ƙaga ba. An kama 'ya'ya an sayar a Basasa, abin kunya ne wanda malamanmu ma ba su yi shiru a kansa ba, sunan Ɗanyen Kasko kuma ba Bature ya raɗa shi ba. Inda Robinson ya karkace shi ne ya ɗauki watanni uku na ƙarshen yaƙi, sa'ad da kowane gida ke cikin tsoro, ya mai da su kamannin ƙasar Hausa na kullum. Bai je Wurno ba, bai je Sakkwato ba, ta Bida ya koma gida. Littafin ya ƙare a kira ga Ingila ta zo ta hana bauta, kuma tun daga babin fari ana jin inda aka dosa.

Marubutanmu na baya sun kasu biyu wajen amfani da waɗannan shaidu. Waɗansu sun kwashi hoton Robinson ɗungum, har Basasa ta zama musu alamar cewa daula ta riga ta mutu, Turawa gawa suka tarar. Waɗansu kuma, don kishi, suna neman hannun Nasara a ƙarƙashin kowace fitina. Na biyun sun fi ba mu tausayi, amma hujja ba ta tare da su. Hannun da ya zo daga wajen Kano ya hura wutar daga Wurno ya fito, sai kuma gudunmawar da Yusufawa suka samu daga Gumel, wadda ba ta cikin daular Shehu. Na farkon kuwa sun manta cewa Alu, bayan ya ci sarauta da takobi, bai ɓalle ba. Jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ta wajen uwa, ya nemi yarda aka ba shi, har ma ran da Turawa suka fasa Kano, 3 ga Fabrairu 1903, ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaisuwar sabon Sarkin Musulmi Attahiru.

Amfanin littafin Robinson ga masu mulki ya zo ne bayan 1898. A shekaran nan Ingila da Faransa suka daidaita, aka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato aka zaga da'ira mai nisan mil 100, duk abin da ke ciki na Ingila. Da rabo ya tabbata, Landan ba ta da sauran bukatar Sarkin Musulmi mai ƙarfi, sai bukatar azzalumi wanda za a ceci talakawa daga hannunsa, hoton kuwa yana nan a rubuce tun 1896. Gwamna Lugga ya kafa hujja da bauta, da kuma karɓar da Kano ta yi wa Magajin Keffi bayan ya kashe Kyaftin Moloney cikin 1902. Da ya ci ƙasar kuma bai mayar da Tukurawa ba, Wambai Abbas ya naɗa, ɗan Abdullahi, ɗaya daga cikin Yusufawa. Gidan da ya ci Basasa shi ke sarautar Kano tun daga ran nan.

Da'irar mil 100 ita ma ba ta daɗe ba. Ta tilasta wa ayarin sojan Faransa bin hanyar da ba ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, suka yi ta kuka har aka sake iyaka cikin 1904, aka gyara ta cikin 1906. Birnin Ƙonni ya koma hannun Faransa. Wurno da Raba da Goronyo suka saura ga Ingila. Gobir, wadda don tsaronta Muhammadu Bello ya gina ribaɗin Wurno, aka raba ta biyu, Sabon Birni a wannan ɓangare, Tsibiri a wancan.