Fi'ilin "Ci" da Haɗarin Shaidar Aro

Masu neman asalin fi'ilan Latin ba su dogara da Latin kaɗai ba, sai da suka gwama shi da 'yan'uwansa, Oskanci da Umbiriyanci. Haka Paul Newman ya yi wa harsunan Cadi a 1977, inda ya ce asalin "ci" shi ne *ti. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin Bolanci da Ngizimanci sun riƙe t ɗin, Hausa kuwa takan mai da t ta zama c a gaban i ko e, kamar sata da sace.

Amma fa akwai abin lura. Fi'ili mai baƙi ɗaya tak yana iya dacewa da na wani harshe bisa katari kawai. Shaidar aro ta fi wannan haɗari. Harshen Shangawa na ƙasar Yawuri ɗan gidan Mande ne, ɗan'uwan Busanci, alhali yawancinsu yau Hausa suke yi. Ɗalibin da ya ji "ci" a bakin dattijo a Shanga, ya rubuta ta a matsayin shaidar dangantaka, Hausa ya gwama da Hausa, ko da ya sa tauraro a gabanta.