Kisan Shaka a Talabijin: Nazari a kan Yadda Masu Kallo Suka Karɓi Wasan "Shaka Zulu"

A ƙarshen shekarar 1986 gidan talabijin na gwamnatin Afirka ta Kudu, wato SABC, ya nuna wani wasan kwaikwayo na tarihi mai kashi goma, mai suna "Shaka Zulu". William Faure ne ya shirya shi, Henry Cele kuwa, wanda a da mai tsaron gida ne a fagen ƙwallon ƙafa, shi ya fito a matsayin Shaka. Wasan ya bi rayuwar sarkin Zulu tun daga haihuwarsa har zuwa watan Satumba na 1828, sa'ad da ƴan'uwansa biyu, Dingane da Mhlangana, tare da baransa Mbopha, suka soke shi da masu a Dukuza, yawancin mayaƙansa suna can arewa wajen yaƙi. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda jama'a suka karɓi wasan, da kuma abin da gardamarsu ta tsallake.

Za a iya kasa masu kallon kashi uku. Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, su ne waɗanda wasan ya burge. A ƙasar da aka daɗe ana nuna baƙar fata a majigi a matsayin bara ko ɗan dako, sai ga sarki baƙi, dogo, mai kwarjini, Turawa suna durƙusawa a gabansa suna auna kowace kalma kafin su furta. Cele ya riƙe wasan da ido da murya, har ya zamana mutane da yawa, ciki da wajen ƙasar, in an ambaci Shaka fuskar Cele suke gani. Waƙar buɗe wasan ma, wadda Margaret Singana ta rera, ta bi duniya. Ga waɗannan masu kallo, kisan da aka yi a kashi na ƙarshe faɗuwar gwarzo ce ta hannun danginsa.

Kashi na biyu su ne masu adawa da mulkin wariyar launin fata. Su tambayarsu ita ce: wa ya biya kuɗin wasan, kuma don me aka fito da shi a wannan lokaci? A watan Yuni na 1986 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a ƙasar baki ɗaya, a jihar Natal kuma ana zub da jini tsakanin magoya bayan Inkatha ta Mangosuthu Buthelezi da na ƙungiyar UDF. A ganinsu, wasan da ya cika da tsire mutane da tsafi da kisan ɗan'uwa yana gaya wa duniya cewa baƙar fata in an bar su da mulki junansu za su ci. Saboda haka suka kira shi farfagandar gwamnati.

Kashi na uku su ne masu kishin sarautar Zulu, waɗanda suka ga an ɗaukaka wanda ya kafa daularsu a idon duniya, a daidai lokacin da Inkatha take amfani da sunan Shaka wajen tara jama'a. Ke nan wasa ɗaya, kisa ɗaya, amma kowane ɓangare rigimar zamaninsa ya gani a ciki. Carolyn Hamilton ta yi nazarin wannan al'amari a littafinta "Terrific Majesty" na 1998.

To, a nan ne ya kamata manazarci ya dakata. Mai kallo da aka sa wa hoto a gaba yana ɗauka da idonsa ya ga abin da ya faru, ya kan manta cewa akwai mai ba da labari. A cikin wannan wasa mai ba da labarin Bature ne, Henry Francis Fynn, wanda ya sauka gaɓar Natal a 1824 tare da ƙungiyar fatake ta Francis Farewell. Wasan ya buɗe ne a Ingila, a 1882, inda Sarki Cetshwayo ya gana da Sarauniya Biktoriya, sa'an nan aka koma baya, aka shiga ƙasar Zulu a bayan baƙin Turawa. Fynn ne ya yi wa Shaka magani da aka soke shi karon farko, Turawa ne suka ruɗe shi da man baƙanta gashi har ya zaci maganin tsufa ne, su ne kuma masu yi masa nasiha sa'ad da ya fara wuce gona da iri bayan rasuwar mahaifiyarsa Nandi a 1827. Da aka zo kan kisan, an riga an shirya zuciyar mai kallo ta yarda cewa sarkin ya haukace, ya ƙi jin shawara, ƙarshensa ke nan.

Shaidar da aka gina wannan hoto a kanta kuwa tana da rauni. Littafin da ake kira kundin Fynn sai a 1950 aka buga shi, kuma ba a zamanin Shaka aka rubuta shi yadda yake ba; Fynn ya sake tsara shi daga baya, editoci kuma suka haɗa guntayen takardunsa. Abokinsa Nathaniel Isaacs, wanda ya buga nasa littafin a 1836, ya taɓa rubuta masa wasiƙa yana ba shi shawara ya zana sarakunan Zulu a matsayin masu ƙishin jini iyakar iyawarsa, don littafi ya yi kauri ya kuma ja hankali. Waɗannan fatake suna neman Ingila ta mallaki Natal. Ta ɗaya gefen kuma, Dingane da ya hau gadon yana da bukatar a ce wanda ya kashe azzalumi ne. Wato masu kisan da baƙin, kowa da dalilinsa, sun haɗu a kan labari guda. Wannan bai wanke Shaka daga jinin da ya zubar ba, amma ya isa ya sa a yi hattara.

Ga mai karatu a Nijar akwai abin kwatance. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci sun san wani Shaka dabam: na Thomas Mofolo, wanda ya rubuta "Chaka" da harshen Sesotho aka buga a 1925, da na waƙar Senghor ta 1956, da na wasan Seydou Badian na Mali, "La Mort de Chaka", na 1961. A wajen Badian, Shaka shugaba ne mai son haɗa kan al'umma, manyan da suka gaji da sadaukarwa suka ci amanarsa. Marubucin yana duban matsalar sababbin ƙasashe masu ƴanci ne. Mashin ɗaya ne, amma hannun mai ba da labari shi yake juya tsininsa.

Abin lura na ƙarshe shi ne harshe. Wasan da ya zaga duniya da Ingilishi aka ji shi, alhali kuwa akwai kirarin Shaka da Zulawa suke kira izibongo, akwai kuma bayanan baka masu yawa da James Stuart ya rubuta daga bakin dattawa, waɗanda aka fara bugawa a 1976. Sai a 2023 aka fito da "Shaka iLembe", wasan da ƴan wasansa suke magana da harshen Zulu, labarin kuma ya taso daga cikin gida.

Darasin da ke nan ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci a bayyane yake. Jama'ar da ba ta karatu daga talabijin da majigi take ɗaukar tarihi, kuma abin da ta gani ya fi abin da ta ji zama a rai. Muna da namu sarakunan da shugabannin da aka kashe a kan mulki, wata rana kuma za a sa su a wasa. Kafin ranar, wajibi ne a tattara kirari da waƙoƙin fada da bayanan dattawa, a rubuta su da Hausa, a nuna wanda ya faɗi kowanne da ɓangaren da yake, a sa su cikin littattafan karatun manya. Mai kallon da ya saba tambayar "in ji wa?" a kan takarda, zai yi ta a gaban akwatin talabijin.