Sandar Ɗan Doka da Gonar Talaka: Nazari a Kan Waƙoƙin Siyasa na Zamanin NEPU

A shekarar 1880, a yankin Mayo na ƙasar Ailan, manoma 'yan haya sun ƙaurace wa Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai ƙasa, har gwamnati ta tura ɗaruruwan 'yan sanda da sojoji su tsare masu yi masa girbi. A can mai ƙasa sananne ne, yana da suna da takardar mallaka. A ƙasar Hausa kuwa ya sajé da hukuma, kuma wannan sajewa ta yi tasiri a kan yadda mawaƙanmu suka kalli zalunci.

Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa a hannun Gwamna, shi kuma ya bar rabonsu a hannun sarakuna. Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin En'e ta Kazaure, Babura kuma tana ƙarƙashin ta Kano, amma tsarin ɗaya ne. Dagaci ne mai ba da gona, kuma gonar wanda ya gudu saboda haraji hannunsa take komawa. Gandun hakimi da gayyar talakawa ake nome shi, sau da yawa a lokacin da nasu gonakin ke jiran fartanya. Idan manomi ya yi jayayya a kan gonar aro ko ta jingina, ɗan dokan da zai kama shi ma'aikacin En'e ne, alƙalin da zai yanke hukunci haka, gidan yarin ma nata ne. Mai ƙasa da mai kamu da mai shari'a duk 'yan gida ɗaya ne.

Cikin wannan hali aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka ba ta murya. Ƙarfin waƙoƙin jam'iyyar yana cikin kusancinsu da jikin talaka: bulala, ɗauri, haraji, aikin tilas. Sun cire wa mai sauraro tsoron faɗin abin da ya sani, a lokacin da rera waƙar kanta kan iya kai mutum gaban alƙali. Sai dai rauninsu ma daga nan ya fito. Sun fi zuba ido ga hannun da ke riƙe da sanda, tambayar wa ke da iko da gona kuwa ta tsaya a bayan fage. Mai sauraro yana iya ɗauka cewa da zarar an raba ɗan doka da sarki, manomi ya tsira.

Tarihi ya gwada wannan zato. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. A 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta mayar da ikon filaye hannun gwamnoni, kuma a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta a lokacin. Amma a watan Afrilun 1980, a Bakolori ta ƙasar Talata Mafara, manoman da aikin madatsar ruwa ya ci gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Kaki ya canja, mai ƙasa ya zama hukumar gwamnati, amma sanda ta tsaya a gefen da ta saba tsayawa.

Ba rage wa waɗannan mawaƙa daraja ake yi ba, domin su suka share fagen da Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga da littafin Tura Ta Kai Bango a 1983, inda ya kai gwagwarmayar cikin karkara. Abin da ya wajaba ga mai nazari shi ne, duk baitin da ya ji an ambaci ɗan doka, ya tambayi gonar wa aka aiko shi ya tsare.