Jarrabawar Shiga da Matsalar Rarraba Ɗalibai Zuwa Fannoni a Kwalejojin Ilmi: Misali Daga Yammacin Zamfara

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi nazarin ma'aunin da kwalejojin ilmi suka daɗe suna dogara da shi wajen ajiye sabon ɗalibi a fannin da zai karanta. Za mu ɗauki misalanmu daga ɗaliban da ke zo mana daga Gwashi da sauran garuruwan Bukkuyum, Gummi da Anka, waɗanda da yawansu kan nufi Kwalejin Ilmi ta Maru ko ta Tarayya da ke Gusau. Abin da muke son nunawa shi ne, jarrabawar ɗaukar ɗalibi daban, jarrabawar gano fannin da ya dace da shi daban, amma mun ɗora wa ta farko aikin ta biyu.

An kafa hukumar JAMB a 1978 domin jami'o'i. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejoji ta zama guda, wato UTME, kuma daga 2015 aka mayar da ita kan kwamfuta baki ɗaya. Tambayoyi 180 ne a darussa huɗu, Ingilishi dole, jimillar maki 400. A 2023 da 2024 mafi ƙarancin makin da aka amince wa kwalejojin ilmi shi ne 100. To, a nan ya kamata mu tsaya mu yi ɗan lissafi. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu. Wanda ya rufe ido ya yi ta canke, ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, ana sa ran ya dace da ɗaya cikin huɗu, wato kusan makin nan 100 ke nan. Ashe ɗalibin da ya zo mana da 110 ko 120 bai gaya mana kome ba game da kansa. Ba mu ce bai san kome ba; cewa muka yi ma'aunin bai auna shi ba. Duk da haka, da irin wannan lamba akan yanke cewa wannan ya tafi Lissafi, wancan ya tafi Hausa.

Mu ɗauki yaro daga Gwashi, alal misali. Mai yiwuwa ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, bayan doguwar tafiya a hanyar da ba kowa ke son bi ba. Karatunsa na sakandare ma ya yanke fiye da sau ɗaya, domin a 2021 an rufe makarantu a jihar bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, aka sake rufewa a watan Satumba, lokacin da aka katse layukan waya. Idan ya faɗi tambayar Lissafi, me ya kayar da shi? Lissafin ne, ko Ingilishin da aka yi tambayar da shi, ko na'urar? Makin bai bambance ba. Yaron da ya tashi yana auna hatsi da tiya a kasuwar Gummi, yana fitar da riba da ka, ba za a ce ba shi da kan lissafi ba sai an tambaye shi da harshen da yake ji.

Haka kuma ma'aunin bai san da ilmin zaure ba. Wannan yanki ne ya haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kuma har yanzu muna samun ɗaliban da suka sauke Alƙur'ani, suka karanta Ahalari da Ishmawi, suna rubuta ajami sarai. Irin wannan ɗalibi zai iya zama gwani a sashen Larabci, amma sai a same shi a wani fanni domin can ne gurbi ya rage.

Ɓarnar ta fi tsanani a sashen Hausa da na Ilmin Firamare, waɗanda a wurare da dama aka mayar da su matattarar wanda aka rasa inda za a kai. Ana ɗauka cewa duk Bahaushe zai iya Hausa. Mu da muke gyara takardunsu mun san cewa jin harshe daban, sanin ƙa'idojin rubutunsa da nahawunsa daban. Tun da takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, wannan ɗalibi da aka tura ba da sonsa ba shi ne zai koma Gwashi ya riƙe 'yan aji ɗaya.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Ƙananan kwalejoji na shekara biyu a Amurka sun daɗe suna rarraba ɗalibai da jarrabawa guda, har aka gane tana tura masu iyawa azuzuwan share fage ba gaira ba dalili. A 2017 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta duba sakamakon sakandare. Sai dai wannan magani ba zai yi mana daidai ba, domin kowa a wannan zaure ya san yadda ake samun wasu takardun sakandare.

Abin da muke ganin zai yiwu shi ne kowace kwaleji ta ware makon farko domin gwaji nata na kanta, wanda ba a faɗuwa: ɗalibi ya karanta shafi guda ya bayyana shi, ya rubuta sakin layi da Hausa da Ingilishi, a yi masa tambayoyin lissafi da baki cikin Hausa, mai Larabci kuma a gwada Larabcinsa. Sannan malami ya zauna da shi minti goma ya ji abin da yake so. Wanda rauninsa Ingilishi ne kawai, a ba shi darasin Ingilishi, kada a mayar da shi ajin share fage shekara guda cur.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. Akwai kuma cikas na biyu: tun 2017 ana tabbatar da gurbin ɗalibi da fanninsa a tsarin CAPS na hukumar JAMB kafin ya iso makaranta, saboda haka sauya fanni ba a hannun shugaban sashe kaɗai yake ba. Wannan batu muke roƙon taron nan ya miƙa wa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, domin a ba ɗalibi damar sauya fanni a ƙarshen zangon farko ba tare da ya biya kuɗi ba.