Jinjina ga Maƙeran Samfurin Falaki

Maƙeran agogo biyu na Landan, George Graham da Thomas Tompion, sun cancanci jinjina kan na'urar da suka ƙera a farkon ƙarni na 18, wato samfurin falaki, wanda in an murɗa hannunsa ƙwallon duniya ke kewaya rana, na wata kuma yana kewaya duniya. Gwanintar tana cikin ƙidayar haƙoran faya-fayen tagulla, domin ita ke daidaita wata a kan kwana 29 da rabi. Da wannan na'ura, manomin Kafur, mai shuka masara da lissafin rana kuma mai azumi da lissafin wata, zai ga dalilin da Ramadan ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Makarantun Kafur da Malumfashi na bukatar irinta.