3.2 Tasirin Kiɗan Buluz a Kan Rok: Misalin Waƙar "That's All Right"

Domin a gane yadda kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ya haifi rok, ya kamata a kwatanta waƙa guda a bakin mawaƙa biyu. Arthur Crudup, haifaffen Mississippi, shi ya fara rera "That's All Right" a Chikago a 1946. A watan Yuli na 1954 kuma Elvis Presley ya sake ta a kamfanin Sun da ke Memfis.

Idan aka saurari fayafayan biyu, za a tarar gangar jikin waƙar ba ta sauya ba: zubin kiɗan da jigon saɓani tsakanin masoya duk na Crudup ne. Abin da Presley ya yi shi ne ya jingine ganga, ya bar jita da babbar garayar Turawa su riƙe amo, sannan ya shigo da salon kiɗan Turawan karkara. Sai muryar da ke ɗauke da ƙorafi ta koma ta nishaɗin samartaka. A nan ne waƙar ta yi asara, ko da yake a nan ne kuma ta samu kasuwa.

Saboda haka, kiran wannan faifai "mafarin rok", kamar yadda wasu manazarta kan yi, yana da rauni, domin ya tsallake shekaru takwas. An dai rubuta sunan Crudup a jikin faifan, amma ya daɗe yana fafutukar neman haƙƙinsa na kuɗi, har ya rasu a 1974 cikin talauci.